Surukar Masunci

A gidanmu na Rillieux babu tsakar gida, babu murhu, babu inda mutum zai hura wuta ko da ta ɗumama hannu ce. Bene ne dogo a tsakiyar benaye irinsa, kan tudun da ke arewa da Lyon, inda iskar sanyi ke bugun taga kamar mai neman a buɗe mata. Amma Kaka Habsu, mahaifiyar Mama, ta ce tatsuniya ba ta fitowa inda babu wuta. Sai Baba ya sayo wani ɗan abin ɗumama ɗaki na lantarki, mai sandunan ƙarfe da ke yin jawur idan an kunna. Kaka ta kewaye shi da ido, ta miƙa masa tafin hannu, ta ce, "To, murhun Nasara ke nan. Ba hayaƙi, ba toka, ko gujiya ba a gasawa. Amma a bar shi, ya fi babu."

Ina da shekara tara a lokacin, ƙanena Lawali yana da biyar. Kaka ta zo daga Maraɗi ne a ƙarshen damina, domin Mama tana da ciki, ita kuwa ta rantse ba za a yi jegon ɗiyarta babu ita ba, ko da a bangon duniya ne. Ba ta ma gama sabawa da asansar ba, wannan akwatin da ke haurawa da mu sama tana ta salati a cikinsa, sai jinin Mama ya hau. Likitoci suka riƙe ta a asibiti can cikin Lyon, suka ce kwanciya ce har ta haihu. Na ji Baba yana gaya wa wani abokinsa a tarho cewa duk abin da zai tayar mata da hankali zai iya sa a fiddo jaririn tun bai yi ƙwari ba. Ba da ni yake magana ba, amma maganar ta shiga kunnena ta zauna.

Haka gidan ya rage daga mu yara sai Baba da surukarsa. Wanda bai san kunyar surukai ba, ba zai gane wuyar wannan zama ba. A can gida katanga ke raba su, da zaure, da mutane. A Rillieux kuwa ɗakuna uku ne, lungu ɗaya, banɗaki ɗaya. Baba yana karatun digiri na uku a jami'a a Villeurbanne, mutum ne da ke tsayawa gaban ɗalibai yana koyar da su, amma kullum safiya sai ya durƙusa a bakin ƙofar falo, kai a ƙasa, ya ce, "Inna, an kwana lafiya?" Ita kuma ta ja mayafi, ta karkata fuska wajen bango, ta ce, "Lahiya lau, Malam." Maganarsu ta yini ke nan. Sauran duk ta bakina take bi. "Ramatu, ce ma Malam tuwo na nan rufe." "Ramatu, tambayi Inna ko tana bukatar wani abu a kasuwa." Alhali suna jin numfashin juna. Ba ta cin abinci a gabansa, ko tari ne ya zo mata sai ta danne shi har ya fita. Ni dai aikin ya yi mini daɗi, ina jin kaina wata babbar jakadiya.

Daga jami'a asibiti Baba yake wucewa, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Wannan tsakanin namu ne. Da mun gama cin abinci sai Kaka ta kashe fitilar falo, ta bar jan hasken murhun Nasara kaɗai, ta shimfiɗa zane a ƙasa, domin a wajenta kujera ba wurin hira ba ce. Sai ta ce, "Ga ta can tafe, ta ratso hamada, ta ratso teku." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo ta sha ɗumi." Ita ta koya mana wannan amsar, ta ce irin ta gida ba ta dace da ƙasar sanyi ba. Ta ba mu labarin kura da kwaɗayinta, da kurege da wayonsa, da yarinyar da ta bi ƙwaryarta har ƙarƙashin kogi. Lawali ba ya jin rabin Hausarta, sai ya yi ta jan zanenta yana cewa da Faransanci, "Et après? Et après?", wato sai me ya faru. Ita kuma ta dube ni ta ce, "Wanga miji nawa, da wane baki yake roƙona?" Da zarar ta ji motsin mabuɗin Baba a ƙofa kuwa, ko a tsakiyar magana take, sai ta datse ta ce saura gobe.

Wata rana na dawo daga lakwal, wato makaranta, na tarar da ita kan tabarmar salla, amma ba salla take yi ba. Ta dunƙule cikin barguna, haƙoranta na haɗuwa har ina jin ƙararsu tun daga bakin ƙofa. Na ajiye jaka na taɓa goshinta. Ban taɓa sanin jikin mutum yana iya ɗaukar zafi haka ba.

"Kaka, ba ki da lafiya."

"Sanyin ƙasarku ne. Rufe ƙofa."

"Zan gaya wa Baba."

Ta fiddo hannu daga bargo ta kama nawa, ta jawo ni na zauna. "Saurara, Ramatu. Masassara iri biyu ce, ƙarama da babba. Ƙarama baƙuwar kwana ce, a ba ta ruwan zafi ta wuce. Wagga ƙarama ce, na san ta tun ba a haifi uwarki ba. In kin gaya ma Malam, shi zai gaya ma waccan da ke kwance." Ba ta taɓa kiran sunan Mama, domin ɗiyar fari ce. "In ta ji, jininta ya ƙara hawa. Kin san abin da likita ya ce?"

Na gyaɗa kai.

"To, bakinki ƙanin ƙafarki."

Da yamma ta yi, gumi ya karyo mata har ya jiƙa mayafinta. Ta tashi ta ɗora tukunya, ta yi mana tatsuniya kamar ba abin da ya faru. Washegari ma garau ta wuni. Na ce a raina, ashe gaskiyar Kaka ce, baƙuwar ta tafi.

Ba ta tafi ba. Ta dawo, kuma duk dawowarta sai ta fi ta baya nauyi. Kaka ta kwance wani ƙullin busasshen ganye da ta zo da shi daga gida, tana dafawa da lemun tsami ta sha, sannan ta buɗe taga duk da sanyin nan don kada Baba ya ji ɗacin ƙamshinsa. Farin idonta ya soma komawa rawaya. Abinci ya daina shiga mata. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tatsuniya ta fara suɓuce mata. Wata yamma ta bar kura a cikin rijiya ta yi shiru tana kallon jan ƙarfen nan, da Lawali ya girgiza ta sai ta ce, "Ina muka tsaya?" Matar da ba ta taɓa manta ko waƙar tsuntsu ɗaya a cikin labari ba.

A aji na daina jin abin da malamarmu ke faɗa. In an tashi, da gudu nake zuwa gida, in asansar ya yi jinkiri in bi matakala, ina tunanin yadda zan tarar da ita. Ranar da babu lakwal da yamma Baba ya kai mu wurin Mama. Ƙafafunta sun kumbura, an ɗaura mata wani abu a ciki da ke fitar da bugun zuciyar jaririn, dum-dum-dum, da sauri kamar mai gudu. Ta shafa kaina ta ce, "Ina Inna? Me ya hana ta zuwa yau?" Na ce tana tsoron hawa bas. Mama ta yi dariya. Ni kuwa na tsaya ina sauraron bugun nan, ina lissafi irin na yaro: in na yi magana jaririn ne, in na yi shiru Kaka ce. Na rasa wanda zan zaɓa, kuma babu wanda zan tambaya.

Ana nan sai wata yamma Baba ya dawo da wuri, tun kafin magariba. Mama ta samu barci, masu jinya suka ce ya je ya huta shi ma. Ya yi gaisuwarsa a bakin ƙofa, ya shiga madafa da takardunsa, ya bar ƙofar a buɗe kaɗan. Ranar Kaka ba ta iya girki ba, ni na ɗumama na jiya. Tana jingine da bango, numfashinta gajere-gajere. Na tabbata babu hira, tunda ga Baba a gida. Amma da muka yi salla sai ta ce in kashe fitila in kunna murhu.

Ba ta ce ga ta can tafe ba. Cewa ta yi, "Yau ba ta kura ba ce. Yau labari ne, ya faru." Kuma ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce tun tana budurwa a ƙauyensu akwai wata maƙwabciyarsu, Rahila, Kirista ce, tare suke daka, tare suke zuwa rijiya. A bakin turmi Rahila ta ba ta labarin. "Labarin wani annabi ne," in ji Kaka. "Su Yesu suke ce mishi, mu Annabi Isa, alaihissalam. Da mu da su duk mun san Allah ya ba shi warkarwa a hannu."

Ga yadda ta ba mu shi. A bakin wani babban tabki akwai garin masunta. A garin akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, sai ta koma zama gidan mijin ɗiyarta, wani masunci mai zafin nama, mai yawan baƙi. Tsohuwa ta riƙe kanta. Ita ce farkon tashi, ita ke hura wuta, ita ke ɗinke tarun kamun kifi in ya yage, don kada a ce ta zo cin arziki. Sai wata rana masassara ta kama ta. Ta dubi gidan, ta ga kowa da nauyin da ke kansa, ta ce a'a, ba ni zan ƙara musu ba. Ta lallaɓa a ɓoye ta je wurin mai maganin garin.

A nan Kaka ta sake murya, ta yi ta kauri irin ta tsofaffin maza. Mai magani ya kama hannun tsohuwa ya saurari jijiya, ya duba harshenta, ya ce jikin ɗan Adam zafi ne da sanyi, danshi ne da bushewa, in ɗaya ya rinjayi sauran sai ciwo. Ya ce masassara wuta ce da ke kamawa a zuciya, ta bi jini ta zagaye jiki. Ya sa mata ƙaho ya rage jini, ya ce ta bar abinci mai nauyi, ta sha kunu mai ruwa-ruwa da zuma. Sannan ya ce, "Ƙarama muna korar ta. Babba kuwa jira ake yi. Tana da ranar da take yanke hukunci: ko ta fita da gumi, ko ta fita da mutum."

Lawali ya matso jikina. Ko bai gane kalmomin ba, ya gane muryar.

Kaka ta ci gaba. Tsohuwa ta koma gida tana jira, ba ta gaya wa kowa ba. Tana ce wa kanta ƙarama ce, ƙarama ce, har ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukar ta. Kuma a ranar ne surukin nata ya shigo da babban baƙo, Annabi Isa da mutanensa, sun fito daga wurin ibada da yunwa. Murhu a sanyaye, tulu babu ruwa. Tsohuwa tana kwance a ƙuryar ɗaki tana jin muryoyinsu, kunya na cin ta fiye da ciwon. Tana so ta kira, bakin ya ƙi. Mace ba ta kiran surukinta daga kan shimfiɗa.

"Da an ƙara yini guda," in ji Kaka, "da sai dai a wanke ta. Amma wani a gidan ya buɗe baki."

"Wa?" Ni na tambaya.

"Rahila ba ta gaya mini ba. Wataƙila babba ne, wataƙila yaro. Wataƙila ma tsohuwar ta taɓa ce mishi ya yi shiru." Ta tsaya tana mayar da numfashi. Ba ta dube ni ba, murhun take kallo. "Amma tsohuwa ba ta yi hushi da shi ba. Ko kaɗan."

Ta ce Annabi Isa ya shiga ɗakin, ya tsaya a kanta, ya kama hannunta. Ya yi wa masassarar tsawa kamar yadda ake yi wa akuyar da ta sa baki a ƙwaryar gari, ta fita ta bar ta. Tsohuwa ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta hura wuta ta yi wa baƙi abinci.

Ba ta rufe labarin da komai ba. Ta mayar da kai jikin bango ta lumshe ido.

Na tashi. Na nufi madafa. Da na tura ƙofar na tarar da Baba a tsaye, ya bar takardunsa, hannunsa ɗaya kan kujera. Na ce, "Baba, Kaka ba ta da lafiya. Ta daɗe." Sai kuka ya ƙwace mini.

Ya wuce ni ya kunna fitilar falo. A hasken sosai ya ga abin da jan murhu ke ɓoyewa. Ya durƙusa, amma wannan karon ba a bakin ƙofa ba, kusa da ita.

"Inna, tun yaushe?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ramatu, ce ma Malam ɗan sanyi ne."

"Inna, ki gafarce ni," in ji Baba. "Yau ba ta bakin Ramatu za mu yi magana ba."

Ya kai hannu ya kama wuyan hannunta. Na ga fuskarsa ta sake. Ya miƙe ya ɗauki tarho, ya yi magana da Faransanci da sauri, yana maimaita cewa daga Nijar ta zo, kwanan nan, ƙarshen damina. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarmu, Madam Zohra, wata dattijuwa ƴar Aljeriya, ya roƙe ta ta zauna da mu. Da masu motar asibiti suka zo, Kaka ta ce ita da ƙafarta za ta tafi. Ta yunƙura ta kasa. A kujera suka ɗauke ta, Baba yana riƙe da takalmanta da carbinta, yana biye da su kamar ƙaramin yaro.

Zazzaɓin cizon sauro ne, da shi ta shigo jirgi ba ta sani ba. Daga baya na ji cewa ya ci jininta sosai, ya fara taɓa ƙoda. An kwantar da ita a ɗakin da ba a barin yara su shiga. Kwanakin nan ban san yadda suka wuce ba. Madam Zohra tana ba mu miya mai zafi da burodi, tana ce mini, "Ça va aller, ma fille," wato komai zai daidaita, ɗiyata, amma ina ganin yadda take kallon tarho. Baba kuwa ya zama mai jinya biyu a asibitoci biyu. Wurin Mama yana zuwa da fara'a, yana cewa Inna mura ta kama ta, likita ya hana ta kusantar mai ciki. In ya shigo gida sai ya zauna da rigar sanyinsa bai cire ba. Wata yamma na tambaye shi ko babba ce. Bai gane ba, sai da na yi masa bayani. Sannan ya ce, "Babba ce, Ramatu. Amma yanzu ba jira ake yi ba, akwai magani. Ki yi mata addu'a."

Allah ya sa ta fita da gumi. Sai da likitoci suka tabbatar ta tsallake sannan Baba ya gaya wa Mama gaskiya, a hankali, likitarta tana tsaye. Mama ta yi kuka, ta yi faɗa, jininta ya motsa amma bai kai inda ake tsoro ba. Ƙanwarmu ta zo duniya ƴar mitsitsiya, da rai da lafiya.

Kaka dai ba ta miƙe ta hura wuta ba. An dawo da ita gida kamar kara, ko buta ba ta iya ɗauka. Baba ne ya shiga madafa. Shinkafarsa ta caɓe, miyarsa gishiri ya yi mata yawa, ya kawo kwano da kansa ya ajiye a gabanta, ya ƙi fita sai ya ga ta kai loma. Ta ci tana rufe baki da mayafi. Da ya juya baya ta raɗa mini, "Waccan tsohuwa ta fi ni sa'a. Ita ba ta ci girkin surukinta ba." Ranar na fara jin dariyarta tun da ciwon ya soma. Kunyar ba ta ƙare ba, har ta koma Maraɗi ba ta kira sunansa ba. Amma daga lokacin, in ya tambaye ta jiki, shi take amsawa.

Shekaru suka wuce. Na gama lakwal a Lyon, na tafi Paris karatun haɗa magunguna, na kama ɗan ɗaki a Saint-Denis. Wata rana a darasin tarihin likitanci, malamin yana bayanin yadda likitocin Girka na dā suka ɗauki zazzaɓi: ba alamar ciwo ba, shi kansa ne ciwon, zafi ne da ke tashi daga zuciya ya bi jini, akwai babba akwai ƙarami, kuma akwai ranar da yake yanke hukunci. Na ajiye alƙalami. A cikin wannan babban zaure, tsakanin ɗalibai masu hamma, muryar mai maganin Kaka nake ji. Ta wace hanya wannan ilimi ya bi har ya iso bakin wata mata da ba ta taɓa shiga aji ba, ta hannun malamai ne ko wanzamai, ban sani ba.

Da yamma a metro, jirgin ƙasan cikin birni, na ba wa ƙawata Esta labarin. Ƴar Dogonduci ce, Kirista, tare muke karatu. Ta ce ai ta san shi, tun tana yarinya ake karanta musu. Ta buɗe littafinsu mai tsarki a wayarta ta miƙo mini. Ta ce mutum uku ne suka rubuta shi, kuma ɗayansu an ce likita ne, shi ne ma ya kira zazzaɓin babba. Na karanta, na sake karantawa. Layuka kaɗan ne, ba su cika tafin hannu ba. Akwai suruka, akwai zazzaɓi, akwai kama hannu da tsawa, akwai tashi ta yi hidima. Amma babu ɓoyewa. Babu mai magani da ƙahonsa, babu murhu a sanyaye, babu kunya. Mutanen gidan ma da shigar Annabi Isa suka gaya masa.

Na ce, "Ina sauran?"

Esta ta ce, "Wane saura? Shi ke nan."

A ƙarshen makon na kira Maraɗi. Kaka ta tsufa sosai a lokacin, sai an kara mata wayar a kunne. Muka gaisa, ta tambayi sanyi, ta tambayi mijinta Lawali ko ya koyi magana. Sannan na ce, "Kaka, na ga labarin surukar masunci a littafin su Rahila."

"To, madalla. Yana nan yadda na faɗa?"

"Gajere ne, Kaka. Ba a ce ta ɓoye ba. Ba a ce ta ji kunya ba. Duk wannan babu."

Sai na ji wannan dariyar tata ta cikin mayafi.

"Ke Ramatu. Waɗanda suka rubuta, maza ne, a bakin ƙofa suke tsaye. Ni kuwa a kan tabarmar nake kwance."

Ba ta kai wata damina ba bayan wannan.

Yanzu ina aiki a wani kantin magani a Saint-Denis, unguwar da tsofaffinmu suke da yawa, waɗanda ƴaƴansu suka kawo su, suna zaune a ɗakunan da ba nasu ba, suna takatsantsan kada su zama nauyi. Na daɗe ina ɗaukar labarin Kaka a matsayin dabarar da ta yi don ta kwance mini baki. Dabara ce, ba shakka. Amma da na daɗe a bayan kanta ina sayar da magani sai na gane cewa yawancin masu ciwo haka suke magana. Ba kowa ke iya cewa ni ne ba. Wani Alhaji zai zo ya jingina da sandarsa ya ce wani abokinsa ne ke fama da jiri, ko akwai abin da za a ba shi. Wata Hajiya ta ce maƙwabciyarta ce ke ganin jini, amma ba ta son ɗanta ya sani, aiki ya yi masa yawa. A dā sai in ce a turo mai ciwon. Yanzu ba na cewa haka. Sai in fito daga bayan kanta, in jawo kujera, in ce, "Hajiya, zauna ki huta. Wannan maƙwabciyar taki, tun yaushe?"